HP, Dell ko Lenovo: wacce za a saya wa ɗaliba?

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa wa karatun yarinya albarka. Kin ce 'yarki ta samu gurbi a jami'a, abin da kika ware na laftof bai taka kara ya karya ba, kuma kowa da tasa shawarar: wannan ya ce HP ce kawai, wancan ya ce Dell ta fi ƙarko, wani ya ce a nemi Lenovo. Na daɗe ina aiki da waɗannan kwamfutoci, na kuma raka ƙanne da 'ya'yan 'yan'uwa sayensu, don haka ga abin da na gani.

Sunan da ke bayan murfi ba zai faɗa miki ingancin kwamfuta ba, domin kowanne cikin kamfanonin nan iri biyu yake ƙerawa. Akwai wadda yake yi wa mutum ɗaya da zai shiga shago ya saya don gida. Akwai kuma wadda yake yi wa bankuna da ma'aikatu masu sayen ɗaruruwa a lokaci guda, su raba wa ma'aikata su yi shekara uku ko huɗu suna jibgarta kullum. A wajen HP, Pavilion da waɗanda ake rubuta wa HP 14 ko HP 15 kawai su ne na gida, ProBook da EliteBook na ofis. A wajen Dell, Inspiron ce ta gida, Latitude ta ofis. Lenovo kuma IdeaPad ta gida, ThinkPad ta ofis. Ratar da ke tsakanin Inspiron da Latitude, duk da uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, ta fi wadda ke tsakanin Latitude da EliteBook faɗi. Shi ya sa za ki ji mutum biyu suna musu a kan kamfani ɗaya, wannan yana yabo wancan yana kuka, kuma babu mai ƙarya a cikinsu. Ba kwamfuta iri ɗaya suka riƙe ba.

Ni ma da kuɗina na koyi wannan. Ta farko da na saya sabuwa ce dal a kwali, mai sheƙi, mafi arha a jerin. Cikin shekara ta biyu, hinjin da ke riƙe murfi ta gefen hagu ya fara ƙara idan na buɗe. Ashe ƙananan kusoshin a cikin roba zalla aka dasa su, babu ƙarfe a ƙarƙashi. Wata rana robar ta ɓalle, kusurwar ta dare, sai na danne ta da babban yatsa kafin in ɗaga murfin. Daga baya siririyar wayar da ke kai hoto fuska, wato sikirin, ta tsinke a daidai wurin. Cikinta lafiya lau, jikin ne ya gaza. Ki tuna kwamfutar ɗaliba a jaka take kwana, tsakanin littattafai, ana buɗe ta ana rufewa sau goma a wuni.

Saboda haka zaɓin da ke gabanki na gaskiya shi ne: da kuɗi ɗaya, sabuwa ta gida ko ta hannu ta ofis? Ni ta hannu ta ofis nake zaɓa, in dai an duba ta da kyau.

A cikin na ofis ɗin, ThinkPad ce na fi so wa mai yawan rubutu. Kamfanin IBM ne ya fara ta a 1992, Lenovo ya saye sashen kwamfutocinsa a 2005 ya ci gaba da ita. Ba ta da ado, baƙa ce kamar allo, amma madannanta suna da zurfi da laushi, mutum zai yi awa uku yana buga aikin bincike yatsunsa ba su gaji ba. Samfurin T480 na 2018 yana da ramuka biyu na saka RAM (wurin da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai a lokacin), wato in kin saya da giga 8 yau, baɗi sai a ƙara ta koma 16 ba tare da an canza kwamfuta ba. Batir biyu gare ta, ɗaya a ciki, ɗaya a waje da ake zarewa da hannu a sa wani. Sai dai a kula da fuskarta, don wasu sun zo da mai dishi-dishi. Kuma ba duk mai sunan ThinkPad ce ake ƙara wa RAM ba: a X1 Carbon an like shi a jikin allon injin, yadda ya zo haka zai mutu.

Latitude ta Dell, irin su 5490 da 5400, ba ta kai ThinkPad daɗin madannai ba a ganina, amma wajen sauƙin gyara ba ta bar mata komai ba. A kwance kusoshin ƙasa, murfi ya tashi, ga batir, ga RAM, ga ma'ajiya duk a fili. Dell na saka littafin gyaran kowane samfuri a intanet kyauta, haka ma Lenovo. A ƙasan kowace Dell akwai lambar shaida, in aka shigar da ita a shafin kamfanin zai nuna lokacin da ta fito da kayan da ta zo da su, don haka mai sayarwa ba zai ƙara mata ƙuruciya ba. Shi kansa Michael Dell yana ɗalibi ya fara kamfanin, a ɗakin kwanansa na Jami'ar Texas a 1984. A farkon 2025 sun sauya sunaye, sababbin na ofis suka koma Dell Pro, amma a kasuwar na hannu Latitude za ki ci gaba da gani.

EliteBook 840, musamman G5 da G6, ita ce mai kyan gani a cikinsu. Jikinta na alminiyom ne, fari kamar azurfa, siririya, ita ma da ramuka biyu na RAM. In yarinya ta damu da abin da za ta fitar a gaban ƙawaye, kuma ba laifi ba ne ta damu, wannan ce za ta fi burge ta. Ƙarfen yana lotsewa idan ta faɗi, amma lotsawa ta fi tsagewa. Waɗannan kamfanoni uku su suka fi kowa sayar da kwamfuta a duniya shekara da shekaru, don haka caja da batir da madannansu ba sa wuyar samu, masu gyara kuma sun saba da cikinsu.

In kuwa hankalinki bai kwanta da ta hannu ba, sai sabuwa mai garanti, to ki dubi Acer Aspire 5 da Asus VivoBook, dukansu na Taiwan, tare da IdeaPad. Sau da yawa sukan ba da kayan ciki masu kyau a kan kuɗi kaɗan, ragin kuma a jiki suke yinsa. A saya mata jaka mai soso, ta riƙa buɗe murfin ta tsakiya. Amma ina roƙonki kada arha ta ja ki zuwa sabuwa mai ƙaramar ƙwaƙwalwar nan mai arha da ake kira Celeron da RAM giga 4 da ma'ajiya giga 64, ko sunan wa ke jikinta. Windows kaɗai zai cinye kusan rabin wurin, ta buɗe shafuka goma na intanet da Word sai ta fara tsayawa, kuma galibi babu abin da za a iya ƙara mata.

Inda aka fi cutar masu saye shi ne furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Mai shago zai ce miki ai wannan Core i7 ce, ki ji kamar an gama magana. Ki nemi ganin cikakkiyar lambar. A i7-7500U, bakwai ɗin farko bayan layi na nufin zubi na bakwai, abin da suke kira jenareshan, kuma sassan aiki biyu ne a cikinta. Ita kuwa i5-8250U zubi na takwas ce, sassa huɗu gare ta, ta fi waccan i7 ɗin ƙarfi duk da sunanta ya fi ƙanƙanta. Ga wani dalilin kuma: Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa daga zubi na takwas na Intel, kamfanin da ke yin Core i5 da i7, yake karɓa a hukumance. Yarinyar da za ta yi shekara huɗu ko biyar tana karatu bai kamata ta fara da kwamfutar da aka riga aka bari a baya ba. In furosesar ta kamfanin AMD ce, a nemi Ryzen 5 daga jerin 3000 zuwa sama. RAM kada ya gaza giga 8, ma'ajiya ta zama SSD, wato iri mai sauri marar faifai, mai giga 256 aƙalla, domin tsohon faifai mai juyawa shi ke sa kwamfuta ta yi minti biyu tana tashi. Fuska kuma a nemi mai kaifin hoto 1920 da 1080, idonta ne zai wuni a kai.

Ba ki faɗi abin da za ta karanta ba, kuma yana da tasiri. Shari'a, harsuna, ilimi, kasuwanci, har likitanci, duk waɗanda na ambata sun wadatar. Injiniya ko zanen gine-gine sukan buƙaci RAM giga 16 da katin hoto na daban, wato ɓangaren da ke sarrafa zane. A nan ne ma MacBook, laftof ɗin kamfanin Apple, ke ba da matsala. MacBook Air mai M1 ta 2020 batirinta na wuni, ba ta da fanka balle ƙara, amma ba a ƙara mata RAM, kuma manhajoji irin SolidWorks da Revit na Windows ne kawai. Chromebook kuma, laftof mai aiki da tsarin Google, kusan komai nata a intanet yake, ba zan saya wa ɗalibar jami'a ita ba.

Da ni ne ke riƙe da kuɗin, T480 zan fara nema, sai Latitude 5400, sai EliteBook 840 G6, kuma duk wadda na samu da lafiyayyen batir a cikin ukun ita zan ɗauka. Ranar saye ku tafi tare da yarinyar. Ta buɗe wurin ba da umarni na Windows, wato Command Prompt, ta rubuta powercfg /batteryreport, zai fitar da takarda mai nuna ƙarfin batirin na asali da abin da ya rage, in ya faɗi ƙasa da kashi 70 cikin 100 a lissafa da kuɗin sabo. Ta danna kowane madanni ɗaya bayan ɗaya, ta gwada kyamara da lasifika da kowace kafar USB, ta buɗe farin shafi ta duba tabo a fuska. A kashe a kunna a shiga BIOS, wato shafin saitin da ake buɗewa kafin Windows ya tashi, a gabanku, don wasu na ofis suna fitowa da kalmar sirrin tsohuwar ma'aikatarsu a kulle, kuma cire ta ba ƙaramin aiki ba ne. Sannan ta ɗaga murfin a hankali tana kallon kusurwoyin nan biyu. In ta ga roba na motsi ko ta ji ƙara, ku ajiye ta ku ce a kawo wata.