Haya a tsakiyar Silver Spring: wadda aka haɗa da wuta da ruwa, ko wadda za ka biya bil da kanka?

Malam, ka ce za ka fara aiki a Washington, kana son ka zauna da iyali a tsakiyar Silver Spring ta jihar Maryland saboda jirgin Metro na Red Line. An nuna maka gida biyu: ɗaya an zuba kuɗin wuta da ruwa da gas cikin haya, ɗayan kuma hayarsa ta fi sauƙi amma bil na wuyanka. Kana tambayar wanne ya fi.

Yawanci shekarun gini ne suka raba su. Benayen da ke haɗa komai galibi tsofaffi ne, na wajen shekarun 1960 da 1970, lokacin da ake sa wa gini sukutum mita ɗaya da injin ɗumama ɗaya. Ba karamci mai gida yake yi ba, ba shi da hanyar sanin abin da kowa ya sha ne, sai ya ƙiyasta ya ɗora a kan haya. A sababbin gine-gine kuwa kowa da mitarsa. Kai za ka buɗe asusu da Pepco don wuta, da Washington Gas in akwai gas, kuma baƙon da bai da tarihin biyan bashi a Amurka ana iya neman ya ajiye wani abu tukuna. Ruwa kuma a wasu wuraren ginin ne ke karɓar bil daga hukumar ruwa ta WSSC Water, ya raba wa 'yan haya gwargwadon yawan mutane ko girman gida. Ko ka yi tsimi, wankan maƙwabci na iya shiga lissafinka.

Matsalar tsohon gini ita ce ba kai ke da iko da iskar ɗakinka ba. Da yawansu bututu ɗaya ke kawo ɗumi da sanyi, ofishin gida ne ke yanke ranar juyawa. Sai a yi rana mai zafi a watan Afrilu ko Mayu, ka taɓa na'urar da ke ƙarƙashin taga ka ji ɗumi take hurawa, kana hawa na goma, yara na zufa, ba abin yi sai fanka. Dokar da gundumar Montgomery, inda Silver Spring take, ta yi a 2020 ta tilasta samar da sanyaya ɗaki ne daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Satumba kawai, kada ɗaki ya wuce digiri 80 a ma'aunin Fahrenheit, wajen 27 ke nan a namu. Wanki ma sau da yawa sai an sauka ɗakin wanki na kowa da kowa an biya da kati. A sabon gini injin wanki na cikin gidanka, sai dai mitarka yake ci.

Amma tsufan na da rana. Dokar taƙaita ƙarin haya da gundumar ta yi a 2023, ta fara aiki a Yulin 2024, ta hana ƙari ya wuce kashi 6 cikin 100 a shekara, kuma ba ta hau kan ginin da bai kai shekara 23 ba. Sabon gida mai kyalli na iya lafta maka abin da ya ga dama idan yarjejeniya ta ƙare. Kuɗin ajiyar da mai gida ke riƙewa saboda ɓarna kuwa duk ɗaya ne, tun Oktoban 2024 a Maryland ba ya wuce hayar wata guda.

Ni dai da ni ne, shekarar farko tsohon zan ɗauka. Mu da muka taso a zafi ba ma wasa da hita, a Janairu da Fabrairu kuwa bil ɗin ɗumama gida yana firgita mutum, ga uwargida na yini a gida da yara, ga tukunyar wake da ta nama da ke daɗewa a kan wuta. Gwauron da ke yini a ofis shi ne mita ta fi yi wa sauƙi.

Kafin ka sa hannu, kada ka tsaya ga abin da talla ta ce. Buɗe yarjejeniyar ka ga an ambaci wuta da ruwa da gas da kwasar shara ɗaya bayan ɗaya, don intanet da wurin ajiye mota galibi daban ake biya. Ka tambayi ranar da suke juya injin, a ɗaya gidan kuma ka nemi a nuna maka bil ɗin hunturun bara na gida mai girman naka.