Sharhi kan gilashin kyamara mai faɗin gani, 16-35mm f/4

Duk mai niyyar sayen gilashi mai faɗin gani, ya fara duba kusurwowin hoton guda huɗu kafin tsakiya. Kusan kowane gilashin zamani yana fitar da tsakiya tar, a kusurwa ne ake gane na kirki. Na daɗe ina aiki da wani 16-35mm f/4 a kan kyamara mai cikakkiyar sensa (farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara), wato mai milimita 36 da 24, ina ɗaukar gine-gine, cikin ɗakuna da filin daji. Gilashi ne nagari ƙwarai, ina kuma son sa, amma ba ya nuna ƙwazonsa sai an bi da shi yadda ya kamata.

A 16mm, wato inda ya fi faɗin gani, yana kwaso kusan digiri 107 daga kusurwa zuwa kusurwa, kuma tattara wannan faɗin a kan shimfiɗaɗɗiyar sensa aiki ne ja. Na gwada shi a jikin bangon bulo da ƙofar haske a buɗe, f/4. A tsakiya har tsagar siminti ana iya ƙirgawa, amma a kusurwa bulon ya yi dishi-dishi, ya ɗan yi duhu, ga wani siririn layi mai launin shunayya a gefen taga inda haske ya haɗu da inuwa. Da na rage ƙofar zuwa f/5.6 abin ya gyaru sosai, a f/8 kuwa kusurwa ta kusa kamo tsakiya. Nan ne daɗinsa yake, daga f/8 zuwa f/11. Wasu suna wucewa f/16 ko f/22 wai don komai ya fito. Zurfin abin da ke fitowa yana ƙaruwa kam, sai dai haske yana bazuwa idan ya ratsa kafa ƙanƙanuwa, hoton gaba ɗaya ya yi laushi, har da tsakiyar da ba ta da matsala tun farko.

Wurin da na fi ba wa muhimmanci shi ne fokas. A lissafi, idan kana 16mm da f/8 ka sa fokas a kan mita 1.1, komai daga kamar rabin mita har ƙarshen gani zai fito. A 24mm nisan ya zama mita 2.4. To amma an gina lissafin nan ne a kan hoton da za a wanke daidai misali a kalla daga ɗan nesa. Kana zuƙo shi a allon kwamfuta za ka ga bishiyoyin can nesa ba su fito garau ba. Ni ninka nisan nake yi, in sa fokas da hannu, in zuƙo a allon kyamara in tabbatar. Akwai kuma wani hali na irin waɗannan gilasan: layin fokas ɗinsu yana ɗan lanƙwasawa, don haka idan gefe ne ke ɗauke da abin da nake so, nakan sa fokas tsakanin tsakiya da gefen, sai su raba riba.

Na'urar hana girgiza da ke cikinsa tana aiki yadda ya kamata. Tsohuwar ƙa'ida ita ce idan kyamara tana hannu kada saurin ɗauka ya gaza 1/16 na daƙiƙa a 16mm, amma da wannan na'ura nakan sauka ƙasa da haka a cikin ɗaki in samu hoto mai kyau, muddin babu mai motsi. Idan na ɗora kyamarar a kan mariƙi mai ƙafa uku, kashe ta nake yi, in sa jinkirin daƙiƙa 2 don kada danna maɓalli ya girgiza komai.

Hular gilashin, wato zoben da ke yi masa inuwa, kada ta bar bakinsa, domin rana tana saurin shigowa ta gefe ta dusashe launi. Filta mai arha kuma, irin wadda ake ɗaurawa a gaban gilashin, a cire ta.

Sau da yawa abin da ake kira rashin kaifi, nisa ne kawai. Wannan gilashi yana ƙanƙantar da komai, mutumin da ke can baya ɗigo kaɗan yake samu a sensa, ba yadda za a yi fuskarsa ta fito. Matsa kusa, ka sa dutse, ƙofa ko ciyawa a gaba-gaba, za ka ga bambanci nan take. Mai ɗaukar gini da fili zai more shi. Mai ɗaukar taurari da dare kuwa f/4 ba za ta ishe shi ba, gara ya nemi f/2.8 ko wanda ya fi haka buɗewa.