Ruwan naman kaza ko albendazole: wanne za a sha don tsutsar ciki?

Iyaye a Jos suna yawan yi mana wannan tambaya, musamman da damina, lokacin da naman kaza ke tsirowa ko'ina.

Albendazole an san awonsa: ƙwaya ɗaya mai miligiram 400 ga babba da yaron da ya kai shekara 2, rabinta ga ɗan wata 12 zuwa 23, a farfasa masa kada ya shaƙe. Yana hana tsutsa zuƙar sukari har ta mutu. Yana kashe macijin ciki sosai, amma tsila da tsargiya sai wani magani daban, praziquantel. Mai ciki ba ta sha a wata ukun farko. Ga araha, kowane kemis akwai. A dai duba lambar NAFDAC.

Ruwan naman kaza kuwa, yawancin gwajinsa a ɗakin bincike da jikin dabbobi aka yi, ba a tsayar wa mutum awo ba. Na kwalba ya fi tsada, ƙarfinsa kuma ya danganta da irin naman kazar. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne na daji. Wani mai dafin sai bayan awa 6 zuwa 24 amai da gudawa ke farawa, alhali ya riga ya taɓa hanta, kuma tafasawa ba ta kashe dafin.

Dukansu ba sa hana tsutsa dawowa. Wannan aikin takalmi ne da masai da sabulu.

Wanda gwajin bayan gida ya nuna masa tsutsa irin macijin ciki, albendazole ne nasa. Naman kaza na gona ya dace da mai lafiya da ke son abinci mai gina jiki a miyarsa.