Fitilun jirgin roba: haskensu ya wadatar, wurin maƙala su ne abin dubawa

Jirgin ruwa na roba, irin wanda ake hura wa iska da famfo a ɗaura masa ƙaramin inji a baya, ya fara shiga hannun mutanenmu a Sakkwato, musamman masu aikin ceto a lokacin ambaliya da masu zagayen gonakin rani a kewayen madatsar ruwa ta Goronyo da fadamun gulbin Rima. Nawa bai kai tsawon mita 4 ba, an yi jikinsa da wata irin roba da ake kira PVC, kuma injinsa mai ƙarfin doki 15 ne. Tun da yake aikin duba injinan ban ruwa yakan kai mutum almuru bai fito daga kan ruwa ba, na sayi jerin fitilu masu aiki da batir daga wani ɗan kasuwa a Legas ta intanet, na kuwa yi amfani da su a damina da hunturu da bazara kafin na rubuta wannan sharhi.

Abin da ke cikin kwalin shi ne farar fitila mai haska kowane ɓangare tare da sandarta mai gaɓa-gaɓa, da fitila ɗaya ta gaba wadda rabinta ja ne rabinta kore, sai abubuwan maƙalawa iri uku: roba mai tsotsa, da gindin roba mai gam a ƙasansa, da maƙalin ƙarfe mai noti. Babu sunan wani sanannen kamfani a jikin kwalin. Waɗanda suka yi suna a wannan sana'a su ne irin Railblaza na ƙasar New Zealand da Navisafe na ƙasar Norway, kuma kuɗin kayansu ya ɗara na waɗannan nesa ba kusa ba.

Launukan nan ba ado ba ne. Sun samo asali daga dokar hana karon jiragen ruwa ta duniya, wadda aka amince da ita a 1972 ta fara aiki a 1977, kuma ko da yake don teku aka tsara ta, ita ce ma'aunin da masu ƙera fitilu ke bi. Ja na hagun jirgi ne, kore na dama, kowannensu yana haska digiri 112.5 daga goshin jirgi zuwa ɗan bayan kafaɗarsa, ta yadda wanda ya hango launi ɗaya zai san gefen da yake kallo, wanda ya hango duka biyun kuma zai san jirgin ya nufo shi kai tsaye. Jirgin inji da bai kai mita 12 ba an yarda ya kunna farar fitila ɗaya mai zagaye digiri 360 tare da ja da kore, fara ta kai nisan mil 2 na ruwa, masu launi su kai mil 1, kuma fara ta ɗara su tsawo da aƙalla mita 1. Wanda bai kai mita 7 ba, kuma gudunsa bai wuce kimanin kilomita 13 a awa ba, fara kaɗai ta ishe shi. Jirgin roba mai inji irin nawa yana wuce wannan gudun cikin sauƙi, saboda haka duka ukun suna kansa.

Ta fuskar haske ba ni da ƙorafi. A daren da sama ta washe, abokan aikina da ke tsaye a gaɓa suna hango farar tun jirgin yana can tsakiyar ruwa, kuma ja da kore ba sa cakuɗewa da juna, layin da ya raba su a fili yake. Hazon hunturu yana rage nisan sosai, koren ne kuma ke fara ɓacewa, amma wannan halin yanayinmu ne, babu fitilar batir da za ta tsallake shi.

Wurin maƙalawa ne inda mai saye zai zuba ido, domin jirgin roba ba ya karɓar ƙusa, jikinsa a lanƙwashe yake, kuma taurinsa yana canzawa daga safe zuwa dare. Roba mai tsotsa ba ta da wani amfani a jikin bututun iska da ya kewaye jirgin, saboda fatar jirgin tana da ɗan kaushi wanda ke barin iska ta kutsa ƙarƙashinta. Tana ɗan kamawa a kan murfin inji idan an goge shi tas, amma girgizar inji da ƙura suna sake ta ba tare da wata alama ba. Gindin roba mai gam ya yi kyau a farkon lamari, ya riƙe fitilar gaba duk tsawon hunturu. Da bazara ta shigo, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, sai gam ɗin ya yi laushi, bakin gindin ya fara ɗagawa, yashi ya shiga ƙarƙashinsa. Dalili biyu ne suka haɗu: fatar jirgin da ke kwance a rana tana ɗaukar zafi fiye da iskar gari, sannan iskar da ke cikin bututu tana kumbura da rana ta miƙar da fatar, ta lafa da dare, kuma gam na sama-sama ba ya jure wannan miƙewa da komawa kullum. A ganina masu haɗa wannan kaya ba su yi tunanin ƙasa mai zafi irin tamu ba, kuma bai kamata su rubuta a kwali cewa gindin ba ya buƙatar ƙarin gam ba.

Maganin da ya yi mini aiki shi ne a ɓare gam ɗin da ya zo da shi, a liƙa gindin da gam na jirgin roba mai haɗi biyu, wato ruwan gam da sinadarin da ke taurara shi. Sai dai dole mutum ya fara sanin irin fatar jirginsa, domin gam na PVC daban, na Hypalon, wata irin robar da ita ma ake yin jirgi da ita, daban. Idan aka ɗiga asiton, wato sinadarin goge jan farce, kaɗan a wani ɓoyayyen wuri, PVC yakan yi danƙo, Hypalon kuwa ba ya yi. Idan aka goga samfefa, Hypalon yakan dusashe ya fitar da gari, PVC kuma sai dai ya karce. Sholishon masu faci na robar taya ne, ba ya kama PVC, shi kuwa gam mai saurin bushewa na ƙaramin kwalba yana taurara wurin ya tsage. Ana yin aikin a inuwa, jirgi na hure, a zana wurin da fensir, a goge shi da asiton, a shafa gam siriri a ɓangarorin biyu a bar shi ya sha iska, a ƙara shafi na biyu, idan ya yi danƙo a haɗa a danne da bayan cokali daga tsakiya zuwa baki. Daga nan a bar shi awa 48 kafin ya taɓa ruwa. Laima tana ɓata wannan gam, don haka damina ba lokacin aikin ba ce. Hunturu ya fi, muddin a cikin ɗaki ne inda ƙura ba ta sauka. Kafin a danne, a tabbata layin da ya raba ja da kore ya daidaita da tsakiyar jirgi, domin idan ya karkace jirgin zai riƙa faɗa wa mutane hanyar da ba ita ya nufa ba. Haka kuma goshin jirgin roba yana ɗagawa idan inji ya ja, saboda haka gara gindin ya ɗan sunkuya gaba kaɗan.

Farar fitila ba ta buƙatar gam ko kaɗan. Katakon baya, inda ake ɗaura inji, shi ne wuri mai tauri a jirgin, kuma maƙalin ƙarfe mai noti ya kama shi da kyau, shi ne mafi inganci a cikin kwalin. Ƙorafina a nan na sandar ne: ta yi gajarta. Idan matuƙi ya zauna a kan bututu, fitilar tana daidai da kansa, jikinsa ya tare haske daga gaba, hasken kuma ya dallare masa ido har ya kasa rarrabe kututture da inuwa a kan ruwa. Na sa wani maƙeri ya ƙara mata tsawo da bututun alminiyom har ta haura kaina, na kuma sa ɗan faifan roba a ƙarƙashin fitilar don kada haske ya zubo cikin jirgi. Kowace fitila a ɗaure ta da siririyar igiya a jikin jirgi, domin reshe ko ragar masunta na iya fizge ta.

Batiran irin na tocila ne, ana samun su a kowane shago, kuma suna daɗewa saboda ƙwayayen LED ba su da ci. Zoben robar da ke hana ruwa shiga yana bushewa da wuri a yanayinmu, yana son a riƙa shafa masa man silikon, a kuma cire batir idan za a ajiye fitila, don zafi yana sa su yoyo su cinye ƙarfen ciki.

Akwai abin da nake so duk mai saye ya riƙe. Waɗannan fitilu don a gan ka aka yi su, ba don ka ga hanya ba, kuma ba izinin tafiyar dare ba ne; hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, ta hana jigilar fasinja da dare, kuma fitila ba ta maye gurbin rigar ceto ko rage lodi. Yawancin kwale-kwalen katako da ke gulbin Rima ba su da haske ko ɗaya, masunta da yawa kuma ba a taɓa yi musu bayanin ma'anar ja da kore ba. Don haka tocila mai ƙarfi ba ta barin hannuna, ina rage gudu da zarar rana ta faɗi, kuma a mashigin da nake yawan bi na je na gaida Sarkin Ruwa, na kunna masa fitilun, na roƙe shi ya sanar da mutanensa abin da kowane launi ke nufi idan suka hango shi a kan ruwa.