Yaronku na son wasan kwaikwayo a sakandaren Texas? Ku auna zaɓi kafin ku sa hannu a takarda

A yawancin makarantun gwamnati na jihar Texas ana komawa karatu a watan Agusta, kuma ba a daɗe da komawa ba sai yaro ya shigo gida da takarda daga malamin wasan kwaikwayo, yana cewa a sa masa hannu kafin gobe. Iyalai Hausawa da ke zaune a Houston da Dallas da kewayensu sun san irin wannan takarda. Wasu kan sa hannu ba su karanta ba, don sun ɗauka irin ƙungiyar dirama ce ta makarantunmu na gida, wadda ake haɗuwa sau ɗaya a mako a shirya wasa don ranar ba da kyaututtuka. Wasu kuma kan ce a'a kai tsaye, don tsoron karatu ya lalace ko tarbiyya ta taɓu. A ganina duka biyun gaggawa ce. Abin da ake kira shirin wasan kwaikwayo a waɗannan makarantu ƙofofi ne da yawa, kowace da nata nauyi, kuma abin da za ku biya mafi tsada shi ne lokacin yaro da alkawarin da kuka ɗaukar masa. Kuɗi na biye ne.

Ƙofa mafi sauƙi ita ce ajin wasan kwaikwayo na cikin lokacin makaranta, wanda a jadawali za ku gan shi da sunan Theatre Arts I. Tsarin kammala sakandare na Texas ya wajabta wa kowane ɗalibi kiredit ɗaya na fasaha, wato ya ci darasin fasaha na shekara guda, ko kiɗa ko zane ko rawa ko wasan kwaikwayo, saboda haka wannan aji yana biyan bashin da dama ke kan yaro. Ba a tantance kowa kafin a shiga, ba a zaman yamma sai jefi-jefi, kuma maki ake bayarwa kamar na kowane darasi. A nan yaro ke koyon ɗaga murya, tsayuwa gaban mutane, haddace ɗan gajeren jawabi da karanta rubutaccen wasa. Ga yaron da bai daɗe da zuwa Amurka ba, wanda har yanzu yake jin nauyin buɗe baki a aji saboda karin harshensa, ban san darasin da ya kai wannan amfani ba. Rauninsa ɗaya ne: aji ne da ake cika shi da waɗanda kiredit kawai suka zo nema, don haka yaro mai ƙwazo na iya gundura kafin shekara ta raba.

Ƙofa ta biyu ita ce wasan da makaranta ke shiryawa don jama'a su biya su kalla, galibi ɗaya a kaka, sai kuma babban wasa mai waƙoƙi da rawa a lokacin sanyi ko bazara. Takardar da ake kawo muku yawanci ta wannan ce, kuma a nan ya kamata ku zauna ku karanta layi-layi.

Da farko akwai tantancewa. Yaro zai tsaya gaban darakta ya gabatar da abin da ya haddace, a sake kiran wasu zagaye na biyu, sannan a liƙa sunaye. Kusan kowace takarda tana ɗauke da sharaɗin cewa hukuncin darakta ne na ƙarshe, kuma wanda ya shiga tantancewa ya yarda zai karɓi duk matsayin da aka ba shi, ko da na mai wucewa ne da ba ya cewa uffan. Ku faɗa wa yaronku wannan tun kafin ya je. Ɗan aji tara, wato shekarar farko ta babbar sakandare a can, ba kasafai yake samun babban matsayi ba, kuma uban da ya je ofis yana neman ba'asi ba abin da yake ƙara wa ɗansa sai kunya a gaban abokansa.

Sai takardar uzuri, wadda ita ce mafi muhimmanci a wurinmu amma ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ana ba yaro jadawalin gwajin wasa na mako shida zuwa takwas, a ce ya rubuta duk ranakun da ya san ba zai samu zuwa ba. Abin da aka rubuta tun farko ana karɓarsa a matsayin uzuri. Abin da ya taso daga baya, in ba rashin lafiya ko rasuwa ba, fashi ne, kuma darakta da yawa suna cire yaro daga wasa bayan fashi biyu ko uku. To a nan ne za ku rubuta Islamiyyar Asabar, da ranar Sallah, da tafiyar da aka riga aka saya wa tikiti, da bikin 'yar ƙanwarku a Atlanta. Dokar ilimi ta Texas ta ce makaranta ta karɓi uzurin ɗalibin da ya yi fashi don ranar ibada mai tsarki, amma wannan magana ce ta halartar aji. Darakta mai mutum talatin a dandamali yana buƙatar ya sani tun da wuri, don ya san wanda zai tsaya a madadin yaronku.

Game da yawan sa'o'i, doka ta taimaka muku rabi. A Texas gwajin duk wani aiki na bayan aji ba zai wuce sa'a 8 a makon karatu ba. Sai dai makon karatu yana ƙarewa ne da tashin makaranta ranar Juma'a, don haka daren Juma'a da yinin Asabar ba sa cikin lissafi, kuma a can ake jibga aikin. Makon ƙarshe kafin a buɗe wasa shi ne mai zafi, lokacin da ake haɗa fitilu da sauti da tufafi da sauya kayan dandamali. A wannan mako ba a karɓar uzuri ko kaɗan, kuma takardar za ta faɗi haka ƙarara. Bayan wasan ƙarshe ma ba a sallami kowa ba sai an kwance dandamali an share wuri, jarumi da mai jan labule duka. Ku lissafa wanda zai riƙa ɗauko yaro, domin motar makaranta ta riga ta tafi tun azahar.

Salla ma tana buƙatar shiri. Gwaji yakan fara bayan tashi ya kai wajen ƙarfe shida, kuma a watan Disamba rana tana faɗuwa a Houston tun kafin biyar da rabi, wato La'asar da Magariba duka suna faɗowa a ciki. Minti biyar a wani lungu na bayan fage ba abu ne mai wuyar samu ba, in yaro ya nema tun ranar farko cikin ladabi. Ya fi kyau shi ya nema da bakinsa, ku kuma ku bi da ɗan gajeren saƙo.

Abin da ya fi damun iyaye mata shi ne abin da wasan ya ƙunsa, kuma suna da gaskiya. Ku nemi sunan wasan da rubutunsa tun kafin tantancewa. Makaranta hayar wasan take yi daga kamfanonin da ke riƙe da haƙƙin mallaka, irin su Music Theatre International da Concord Theatricals, kuma yarjejeniyar ta hana a sauya kalmomi ba da izini ba. Saboda haka kada ku sa rai darakta zai goge wani layi don ku bayan an raba matsayi. Inda yake da iko shi ne tufafi, da yadda ake tsayuwa, da wanda zai riƙe hannun wa. Yarinya mai ɗankwali ko hijabi ta rubuta a takardarta cewa da shi za ta fito, ba za ta sa gajeren kaya ba, ba ta son matsayin da ke da runguma. Faɗin haka a watan Satumba tsari ne da kowa zai girmama. Faɗinsa ana saura mako ɗaya a buɗe wasa yana jefa yara da yawa cikin wahala, ita ma ya bar ta da baƙin jini a wurin da ta so ta yi abokai.

Akwai ƙofar da iyayenmu ba su cika dubawa ba, ni kuwa ita na fi so wa ɗan shekarar farko: aikin bayan fage. Su ne masu fitilu da sauti, masu sassaƙa da fenti, masu ɗinki, da mai kula da dandamali wanda ke riƙe da littafi yana ba da umarnin lokacin da kowace fitila za ta kunnu. Akwai ma ajinsa na musamman, Technical Theatre, kuma shi ma yana biyan kiredit ɗin fasaha. Baƙaƙen kaya ake sawa masu rufe jiki, ba maganar runguma ko rawa, kuma a makonnin farko sa'o'in sun fi na 'yan wasa sassauci, ko da yake a makon ƙarshe kowa daidai ne. Yaro na fita daga nan ya iya riƙe zarto da na'urar huda katako, ya san wayar lantarki, ya san yadda ake tafiyar da mutane a kan lokaci. Sharuɗɗansa na tsaro ne, kuma ba a wasa da su: takalmi rufaffe, tabaran kariya, ba a taɓa inji sai malami na wurin.

Ƙofa mafi tsauri ita ce gasar gajeren wasa ta hukumar UIL, wadda Jami'ar Texas da ke Austin ta kafa a 1910 don shirya gasanni tsakanin makarantu. Makarantu fiye da 1,000 ke shiga wannan gasa kowace shekara. Wasa ba zai wuce minti 40 ba, wanda ya wuce ko da daƙiƙa kaɗan ya fita daga takara. Ana ba da minti 7 a kafa dandamali, minti 7 a kwashe. Tawaga ba ta wuce ɗalibai 24, har da 'yan bayan fage da 'yan jiran ko-ta-kwana. Ana hawa mataki-mataki daga gunduma zuwa yanki har zuwa na jiha, don haka ba wanda zai iya gaya muku ranar da za a gama. Tawagar da ke cin nasara tana iya kaiwa ƙarshen bazara tana gwaji. A shekarun nan kuma azumi yana faɗowa a Fabrairu da Maris, daidai lokacin da zagayen farko ke tafe. Yaron da zai yi azumi, ya yi tarawihi, ya yi gwaji, ya kuma yi tafiyar gasa a motar makaranta, sai an zauna da shi an yi magana ta gaskiya.

Dokar da ke kan wasan jama'a da gasar duka ita ce wadda aka kafa a 1984 zamanin Gwamna Mark White, bayan kwamitin da Ross Perot ya jagoranta, wadda ta ce wanda bai ci darasi ba ba zai yi wasa ba. Ɗalibin da ya samu ƙasa da maki 70 a darasi ɗaya a ƙarshen zangon ba da maki, ana dakatar da shi daga fitowa na mako 3 na karatu. Yana iya zuwa gwaji, amma ba zai hau dandamali ba har sai ya gyara. Hukumomin makarantu na gundumomi na iya keɓe wasu darussa masu zurfi daga wannan doka, don haka ku tambayi taku. Ina ganin dokar a matsayin abokiyar iyaye, domin na ga yadda son wasa ke sa yaro ya riƙe lissafi da hannu biyu. Amma tana da kaifi: yaron da ke yawo tsakanin 68 da 72 a ilimin sinadarai, in ya faɗi ana saura kwana kaɗan gasa, tawaga ce gaba ɗaya za ta shiga ruɗani. Irin wannan yaro ya dakata da gasa bana.

Batun kuɗi ba shi da tsawo. Yawanci akwai kuɗin shiga wasa, da na riga, da takalmi da kayan kwalliya da yaro zai saya da kansa, sannan ƙungiyar iyaye masu tallafawa za ta nemi ku sayar da tikiti ko ku kawo abinci. Dokar jihar ta wajabta wa gundumomi su tanadi hanyar yafe kuɗi ga wanda ba shi da hali, kuma neman haka a asirce ake yi. Babban kashe kuɗi yana zuwa ne da tafiye-tafiye. Ƙungiyar International Thespian Society, wadda aka kafa a 1929, tana karɓar ɗalibi bayan ya tara maki 10, kowane maki kimanin aikin sa'a 10, kuma aikin bayan fage ma ana lissafa shi. Tana da taron jiha a watan Nuwamba da babban taro a watan Yuni, duka da kwana a can. Zuwa ba dole ba ne, yaro na iya zama cikakken ɗan ƙungiya bai taɓa zuwa ko ɗaya ba.

Ga wanda wasan ya riga ya shiga jininsa tun ƙaramar sakandare, akwai makarantun fasaha na gwamnati, Kinder HSPVA a Houston da Booker T. Washington a Dallas, waɗanda ake shiga ta tantancewa kuma ake ba fasaha sa'o'i da yawa kowace rana. Wannan zaɓin makaranta ne gaba ɗaya, ana yanke shi tun yaro yana aji takwas. A ɗaya gefen kuma akwai azuzuwan dogon hutu da gidajen wasa irin su Theatre Under The Stars ke yi da kuɗi, waɗanda ba su taɓa makin yaro ba, kuma sun dace da iyalin da ke son gwadawa na mako biyu kafin su ɗauki alkawarin wata biyu.

In da ni za a tambaya, ɗan aji tara ya ɗauki ajin cikin makaranta, ya haɗa da aikin bayan fage a wasa ɗaya na kaka. Kafin Disamba za ku ga yadda makinsa ya kasance, ku san daraktan da halinsa, ku kuma ga irin wasannin da makarantar ke zaɓa da idonku. In komai ya tafi daidai, ya shiga tantancewa a wasa na gaba, gasar UIL kuma a bar ta sai aji goma ko sha ɗaya. Ranar da takardar ta zo, ku ɗauko kalandar Musulunci da ta makaranta ku ajiye su gefe da gefe, ku cika takardar uzuri tare da yaron, sannan ku sa hannu.