Makarantar ƙwallon da ɗana ke zuwa a Gesse

Masu tambayata inda nake kai yarona atisaye, wata ƙaramar makarantar ƙwallo ce a Gesse, nan Birnin Kebbi, ta yara 'yan shekara 10 zuwa 15. Suna fita Alhamis da Juma'a bayan la'asar, tunda ranakun babu Islamiyya.

Kayan aiki kam sai haƙuri. Filin ƙasa ne, in iskar hunturu ta taso da ƙyar ake hango gola. Inuwa babu, ga zafin Kebbi na watan Afrilu, ruwan sha ma kowa daga gida yake zuwa da nasa.

Kocin ne ya sa nake biyan kuɗin wata da daɗin rai. Ba ya zagin iyayen yaro, kuma duk wanda ya san filayen unguwa ya san ba ƙaramin abu na faɗa ba. In yaro ya ɓarar da fenareti, sai an tashi yake jan sa gefe: "Ɗana, lafiya? Ka ci abinci kuwa?" Ba wanda ke ruɓewa a benci, ko mai ƙafar hagu biyu sai ya taɓa ƙwallo. A kulob ɗin da ɗana ya baro, ranar wasa ciwon ciki ke kama shi tun asuba, in an ci su ya kwana bai yi wa kowa magana ba. Yanzu ko an zura musu uku, yana shigowa da surutu, ya wanke rigarsa da kansa, har uwarsa ta ce ya rage mata hayaniya.

Kuma ba ya yi wa yara romon baka da zancen Turai. Ya taɓa tara mu iyaye ya ce Golden Eaglets, wato 'yan wasan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 17, sun ɗauki kofin duniya na matasa sau biyar, na ƙarshe a 2015 a Chile, inda Osimhen ya ci ƙwallo 10, amma mu ƙirga abokan wasansa nawa muke jin sunansu yau. Don haka yaron da ya bar zuwa boko, shi ma ba ya sa shi a wasa. Ejan ɗin da ke karɓar kuɗin gwaji kuwa ba ya barinsu su tsaya bakin fili.

Ƙorafina babba shi ne haɗa manya da ƙanana wasa ɗaya. Ɗan shekara 15 in ya bangaji ɗan 10, tsoro ke shiga ƙaramin, ya daina neman ƙwallo. Sannan babu ko bandeji a wurin. Na yi wa koci magana, ya ce yana neman mataimaki kafin a raba su.