Gargaɗi ga masu tsofaffin BMW: ku yi hattara da mai tallar "cikakken saitin" giyar hannu

Assalamu alaikum 'yan uwa masu riƙe da tsofaffin motoci, musamman masu BMW E30 da E36 da ke da burin cire giyar atomatik su ɗaura ta hannu. Akwai wani mutum da ke yawo a zaurukan WhatsApp na masu sha'awar mota yana tallar abin da yake kira "cikakken saiti". Ni ya ci min naira dubu 520, kuma jiya da daddare na sake cin karo da hotunan nan dai da ya yaudare ni da su, an sauya suna an sauya lambar waya. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan.

Motata E30 ce, 325i ƙirar 1989, gado na ci daga kawuna, Allah Ya jiƙansa. Wanda ya san E30 ya san abin da nake nufi idan na ce ba motar yarwa ba ce. Tsakanin 1982 da 1994 aka ƙera su, kuma tawa tana ɗauke da injin M20 mai silinda 6, lita 2.5, injin da in ka taka masa totur a hanyar Zariya sai ka ji kamar bai san shekarunsa ba. Matsalarta ɗaya, atomatik ce, giyabos ɗin ZF mai giya 4, ga shi ya fara sulɓewa idan ya yi zafi. Bakanikena, dattijon da ya riƙe motar tun zamanin kawu, ya ce ko dai mu buɗe shi mu gyara, ko kuma mu nemo giyabos ɗin hannu na Getrag 260 mai giya 5, wanda shi kamfani ya ɗaura wa 325i masu giyar hannu tun asali. Na zaɓi na biyu ba tare da dogon tunani ba, don na daɗe ina son in ji motar nan a hannuna.

To a nan ne ramin yake. Mayar da mota daga atomatik zuwa giyar hannu ba giyabos kaɗai ake saye ba. Sai ka samu fulayawil da kusoshinsa, da faifan kuloci da murfinsa, da boris ɗin kuloci, da ƙaramin boris ɗin da ke zama a gindin karanshaf, da fedar kuloci, da masta na sama da na ƙasa masu tura man kuloci da tiyonsu, da sandar giya da duk ƙarafunan da ke riƙe ta, da ƙarfen da giyabos ke zama a kai, sannan farfela, wato dogon ƙarfen da ke kai juyi daga giyabos zuwa ƙafafun baya, domin tsawon ta atomatik da ta giyar hannu ba ɗaya ba ne. Na yi wata uku ina nema. A Ƙofar Ruwa na samu fedoji babu giyabos. A Panteka ta Kaduna an nuna min giyabos babu farfela. Na aika Ladipo a Legas, aka ce in jira wata kwantena. Duk mai irin motar nan ya san wannan gajiyar, kuma mutumin da nake ba ku labari ya fi kowa saninta. Da ita yake farauta.

Ranar da na ga tallarsa, hotuna 6 ne: kaya a shimfiɗe kan shuɗiyar tamfol, komai a jere, har da kusoshi a cikin leda. Na yi masa magana, ya amsa nan take da saƙon murya, Hausa tsab: "Alhaji, barka da warhaka. Taka M20 ce ko? To 260 kake buƙata, kada ka bari wani ya liƙa maka 240." Wannan maganar ita ta kwance min ɗamara. Na ce a raina wanda ya san bambancin giyabos ɗin Getrag 240 da 260, har yake jan kunnena, ai ɗan hannu ne. Ya ce kayan suna Kwatano, daga Jamus aka sauke su, an ciro su daga mota ɗaya. Da na tambaya a zauren ko akwai wanda ya taɓa ciniki da shi, mutum biyu suka fito suka ce mutumin kirki ne, sun karɓi kayansu lafiya. Daga baya na lura lambobin nan biyu ba su taɓa cewa uffan a zauren ba sai ranar, kuma rana ɗaya suka fice tare da shi.

Muka daidaita a kan dubu 700. Ya ce in ba da rabi kafin alƙalami, sauran in kaya sun iso. Na tura dubu 350. Bayan kwana 4 ya kira da murya a raunane, wai kwastan sun tare motar kayan a iyakar Seme, sai an biya dubu 110. Na tura. Bayan kwana 2 kuma wai direba ya ƙi ɗaukowa daga Legas sai an ba shi nasa a hannu, dubu 60. Na sake turawa. Ku lura da wannan da kyau: sau uku na tura kuɗi, asusu uku daban-daban, suna uku daban-daban, babu ko ɗaya da ya yi daidai da sunan da yake amsawa. Kowane karo da dalilinsa, wannan na yaron shagonsa ne, wancan na direba ne.

Abin da ya bambanta shi da sauran 'yan damfara shi ne yana aiko da kaya. Ranar Asabar aka kira ni daga tasha, na je na tarar da ƙunshi ɗaya a cikin buhu, an ɗaure da igiyar roba. Ɗaya tak. Babu farfela, babu fedoji, babu fulayawil. Na kira shi, ya ce sauran suna motar gobe. Na kai gareji, yara suka kwance buhun, sai ga giyabos yana ƙyalli da sabon fenti ruwan azurfa, har kan roba da kan datti an fesa. Dattijon bai ce komai ba. Ya tsuguna ya sa farce ya kankare fentin, ya juya bakin giyabos ɗin yana bin ramukan kusoshi da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya sa aka jawo shi kusa da atomatik ɗin da muka riga muka sauke, ya jera bakunan biyu gefe da gefe.

"Ɗana, zo ka gani da idonka," in ji shi. "Wannan 240 ne, na tsohuwar 318i mai injin M10, silinda 4. Ko kwana za mu yi a nan, ramukan nan ba za su hau injinka ba."

Na ce, "Baba, ba dabarar da za a yi?"

Ya girgiza kai, ya kwance kusar zubar da mai ya tara tafin hannu. Abin da ya fito ɗan kaɗan ne, baƙi ƙirin, yana walƙiya da garin tagulla, alamar zobban da ke daidaita shigar giya sun cinye. Ya kama sandar gaba, wadda ke shiga faifan kuloci, ya girgiza, tana rawa kamar haƙorin da ya kusa fita. Wato ko ga mai 318i ɗin ma, wannan kayan bola ne.

Da na tura wa mutumin bidiyo, bai yi gardama ba ko kaɗan. Ya yi ta salati yana ba da haƙuri, wai yara ne suka yi kuskure wajen lodi, nawa yana nan a ajiye, in cika sauran dubu 180 ɗin a turo min na gaskiya tare da ragowar kayan. Na ce sai dai a kawo in gani. Washegari ya toshe ni ta ko'ina. Yanzu na fahimci amfanin wannan gwangwanin da ya aiko: duk inda ka kai ƙara, zai zama kamar saɓanin ciniki ne tsakanin mai saye da mai sayarwa, an turo kaya ba su yi maka ba. Na sanar da bankina, na kuma kai rahoto wurin 'yan sanda da rasit ɗin kuɗin da saƙonnin muryarsa, maganar tana nan ana bi. Wanda abin ya faɗa wa, kada ya ɓata kwanaki yana lallashi kamar yadda na yi, ya garzaya banki a ranar, don kuɗin ba sa kwana a asusun da aka tura su.

Ga mai niyyar wannan aiki, giyabos ba kayan da ake cinikinsa a hoto ba ne, cinikin biri a sama ke nan. In mai kaya yana nesa, ka ce ya yi maka kiran bidiyo kai tsaye, ya rubuta sunanka da kwanan wata a takarda ya ɗora a kai, ya nuna maka lambobin da ke jikin ƙarfen da bakin da ke haɗuwa da inji, ya juya sandar gaba da hannu yana shigar da giya ɗaya bayan ɗaya har ribas. Mai kaya na gaskiya minti 5 zai ɗauke shi. Ni sau biyu na nemi haka, sau biyu aka ce min babu sabis a sito, na kuma yarda. Sabon fenti a jikin tsohon giyabos ɗan Kwatano shi ma abin tsoro ne, gara ka gan shi da dattinsa ka san ta inda yake yoyo. Mafi alheri, ka biya wa bakanikenka kuɗin mota ya je ya taɓa da hannunsa, ko ka wakilta wanda ka sani a garin, kuɗi kuma kada su fita sai kaya sun shiga hannu.

Masu E36, ku ma ba ku tsira ba, don na ga yana tallata muku hotunan nan dai. Ku sani giyabos ɗin M20 yana iya ɗauruwa a injin M50 da ke cikin wasu E36, amma zai zauna a karkace da kusan digiri 10, saboda kwanciyar injinan biyu ba ɗaya ba ce, sai sandar giya da mazaunin giyabos su ƙi daidaita. Wanda ya ce muku saiti ɗaya yana hawa kowace BMW, ku bar masa kayansa.

Motata tana nan a gareji kan duwatsu, an lulluɓe ta, wata na biyu ke nan. Ga alamomin tallarsa domin ku gane ta ko da wane suna ya zo: shuɗiyar tamfol, jarka ruwan ɗorawa a kusurwar hagu ta hoto na farko, kusoshi a farar leda, da saƙon muryar da ke jan kunnenka kada a liƙa maka 240. In kun gani a zaurenku, ku sanar da shugaban zauren ya cire shi, ku kuma adana hoton tallar da lambar asusun da ya bayar, domin su ne abin da masu bincike suka fara tambayata.